Ƙari da Ɓari: Babban Baƙi da Lissafin Rumbu a Deule

A cikin darussan ƙa'idojin rubutun Hausa babu wanda ɗalibai suka raina kamar darasin babban baƙi da ƙarami. Malami kan zayyana dokokinsa cikin minti goma: farkon jimla, sunan yanka, sunan gari da na ƙasa, sunayen Ubangiji, sai kanun rubutu. Daga nan a wuce zuwa raba kalmomi da haɗa su, inda kowa ya yarda nan ne gizo ke saƙa. Rainin kuwa yana da dalili. Hausawa sun shafe fiye da shekara ɗari biyu suna rubutu da ajami ba tare da sanin wani harafi babba wani ƙarami ba. Almajiri yakan fara da babbaƙu ya wuce farfaru, ba a taɓa ce masa alifin farkon suna ya ɗara na tsakiyar kalma girma ba. Boko ne ya shigo da wannan bambanci a cikin kayansa, kamar yadda ya gado shi daga rubutun Turai. Har yau wanda ya rubuta kano ko maraɗi da ƙaramin baƙi bai ɓatar da kowa ba, in aka ɗebe Tawa, wadda ƙaramin baƙi kan mayar da ita mallakar mai magana.

Sai dai an sami wani sabon mai karatu wanda ba ya cike giɓi da hankali, wato kwamfuta. Masu shirya manhaja suna zuba bayanai iri ɗaya a cikin wata ƙira da suke kira aji. Aji kamar abin buga bulo yake: a tsara shi sau ɗaya, a ce yana da gurbin suna da gurbin adadi da gurbin kwanan wata, sa'an nan a riƙa fitar da dubban bayanai masu siffa ɗaya daga cikinsa. Kowane aji yana da suna, kuma sunan ba ya karɓar tazara. Idan kalmomi biyu ne sai a manne su, a ɗaga baƙin farko na kowace, kamar BankinHatsi ko SarkinNoma. Masu sana'ar suna danganta wannan salo da raƙumi, saboda manyan baƙaƙen suna tasowa a tsakiyar suna kamar tozo. A harshen shirya manhaja na Java, fara sunan aji da babban baƙi al'ada ce da ake kunyar saɓa wa. A harshen Go, wanda kamfanin Google ya fitar a 2009, doka ce mai hukunci: sunan da ya fara da babban baƙi sauran sassan manhaja suna ganinsa, wanda ya fara da ƙarami kuwa a kulle yake cikin ɗakinsa.

Wani matashi ɗan Deule, ƙaramar hukumar karkara da ke cikin gundumar Buza a jihar Tawa, ya san duk wannan tun yana makaranta. Abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne sanya wa ajujuwa sunayen Hausa. Ya tashi a ƙasar Adar mai duwatsu, inda gero da dawa kan ƙare a rumbu kafin sabon hatsi ya nuna, inda kuma magidanta da yawa kan tafi cin rani su bar mata da tsofaffi da lissafin tiya. A irin waɗannan ƙauyuka bankin hatsi ba baƙon abu ba ne: kwamiti ya sayi gero da kaka yana da araha, ya adana, ya sayar ko ya ranta wa mutanen gari idan damina ta faɗi kasuwa ta yi tsada. Dukan dukiyar tana rataye ne a wuyan ma'aji da littafinsa. Matashin ya ƙudura zai shirya wata 'yar manhajar waya da za ta riƙe wannan lissafi, kuma ya yi niyyar komai nata ya kasance da Hausa, har sunayen da babu mai ganinsu sai wanda ya buɗe cikinta. Dalilinsa mai sauƙi ne: yana son duk yaron Buza ko Madawa ko Keita da zai gaji aikin ya karanta shi ba tare da ya bi ta Faransanci ya faɗa Ingilishi ba.

Manhajar waya ba ta aiki ita kaɗai. Tana aika bayani zuwa wata babbar kwamfuta mai ajiya, wadda ake kira uwar garke, ita kuma ta mayar da amsa. Domin kada ɓangarorin biyu su yi ta maganar kurame, akan rubuta wata takardar bayani da ke fayyace kowace tambaya da siffar amsarta. Tsarin da ya fi yaɗuwa wajen rubuta irin wannan takarda shi ne OpenAPI, wanda a da ake kira Swagger kafin a miƙa shi ga wata gamayya a ƙarƙashin Gidauniyar Linux a 2015. Bugunsa na uku ya fito a 2017. Amfanin takardar bai tsaya ga bayani ba. Akwai manhajoji da ke karanta ta su fitar da kod da kansu, aji bayan aji, a harshen da aka zaɓa. Masaƙa ce: a ba ta zane, ta saƙo zane. Mutum ya rubuta sunan abu sau ɗaya a takarda, masaƙa ta tsabtace sunan, ta ɗaga baƙinsa na farko, ta buɗe masa fayil. Ƙa'idar OpenAPI ta taƙaita sunayen manyan sassan takarda ga haruffan Ingilishi da lambobi da ɗigo da karan ɗori da layin ƙasa, amma ta bar gurbin take a buɗe ga kowane rubutu, masaƙu da yawa kuwa daga take suke ciro sunan aji idan babu wani. Ta wannan ƙofa Hausar matashin ta shiga.

A littafin ma'aji akwai shafi biyu da ke fuskantar juna. Ɗaya na ƙari ne, wato hatsin da ya shigo rumbu bayan an rufe sayayyar kaka, ko gudummawa ko saƙon 'yan cin rani. Ɗayan na ɓari ne, wato abin da ya zube wajen awo ko ƙwari suka lalata. Matashin ya mayar da kowane shafi aji, na farko da alamar a tara, na biyu da alamar a ɗebe. Aka fara gwaji, waya tana lissafi littafi yana nasa. Bayan 'yan makonni sai suka saɓa. Littafi ya ce akwai buhu kaza, waya ta ce an rasa takwas.

Buhu takwas na gero a ƙauye ba kuskuren lissafi ba ne a kunnen jama'a, zargi ne. Ma'ajin dattijo ne da ya riƙe mabuɗin rumbu shekara da shekaru babu wanda ya taɓa ɗaga masa murya, ga shi yanzu wani abu da ke cikin aljihun yaro yana ƙaryata shi, a zamanin da mutane suka fi gaskata allo da takarda. Bai yi fushi a fili ba. Abin da ya ce wa matashin kawai shi ne: "Ɗana, buhu huɗu anka kawo, da hannuna na ƙidaya su. In wayarka ta ce babu su, to ita tac ci su." Wanda ya san ƙauye ya san cewa magana irin wannan ba ta kwana a zaure ɗaya.

Ƙanwar matashin, ɗalibar kimiyyar harshe da ta zo hutu, ba ta iya karanta kod ba. Ta dai leƙa allon kwamfutarsa ta ga jerin sunayen fayilolin da masaƙa ta fitar, sai ta yi dariya ta ce: "Yaya, wa ya cinye wa kalmomin nan kawuna?" A jerin akwai Auye, akwai Ungiya, akwai AnKwamiti. Ƙauye ne da ƙungiya da ɗan kwamiti, kowanne an sare masa harafin farko an naɗa na biyu a gurbinsa. A can sama kuma akwai wani fayil guda ɗaya mai suna Ari. Ta tambaya ko ƙari ne ko ɓari. Amsar ita ce duka biyun: masaƙa ta rubuta ajin ƙari da sunan Ari, ta zo kan ɓari ta sake samun Ari, na biyun ya danne na farkon. Tun daga ranar duk buhun da aka shigar a matsayin ƙari ɗebe shi ake yi. Huɗun da ya kamata a tara an rage su, giɓi ya zama takwas. Da akwai aji mai suna ɗari, shi ma a wannan rami zai faɗa.

Dalilin yana cikin tarihin injin. Tsarin ASCII, wanda Amurka ta fitar a 1963 aka kuma ƙara masa ƙananan baƙaƙe a 1967, gurbi 128 gare shi. A cikinsa babban A yana lamba 65, ƙaramin a yana 97, kuma wannan tazara ta 32 ita ce tsakanin kowane harafi da babbansa har zuwa z. Saboda haka tsofaffin masu shirya manhaja suka saba da dabaru biyu masu arha. Ta farko: in kana son ɗaga harafi, duba ko yana tsakanin a da z, ka rage 32. Ta biyu: in kana son tsabtace suna, ka tace shi, duk abin da ba harafin Ingilishi ko lamba ko layin ƙasa ba ka zubar. Rariyar nan ta biyu ita ta ci ƙ da ɓ da ɗ. Ba ta mayar da ƙari kari ba, wanda da ya zama rabin asara; ta ɗauki harafin ne kamar waƙafi ko alamar tambaya ta jefar.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci ɗalibin harshe ya tsaya a kansa. Matashin ya riga ya yi tanadi domin sunayen garuruwa na takardun hukuma, waɗanda Faransanci ya rubuta. Ya san cewa idan aka tace Déoulé kai tsaye Doul za a samu, don haka ya sa wani mataki da ke warware harafi daga alamar da ke kansa kafin tacewa. A tsarin Unicode é yana rabuwa gida biyu, e da 'yar alamar sama. Rariya ta tafi da alamar ta bar e, a sami Deoule. Wannan dabara tana ceton Faransanci da Sifaniyanci, har ma da ɗigon ƙasa na Yarabanci da Ibo. Ba ta ceton Hausa. Ƙugiyar ƙ ba alama ba ce da aka ɗora wa k, jikin harafin ce, kuma Unicode bai ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ wata hanyar rabuwa ba. Ta fuskar tsarin sauti wannan shi ne daidai, domin haɗiyau ɓ da ɗ da tunkuɗau ƙ ƙwayoyin sauti ne masu cin gashin kansu, kamar yadda ƙura da kura, ko ɓata da bata, ko ƙanwa da kanwa suke shaida. Mutuncin da aka ba su na cikakkun haruffa shi ne ya sa rariya ta haɗiye su ɗungurungum, alhali é da aka ɗauka ado ne a kan e ya tsira da rabin ransa.

Gyaran farko bai ɗauki lokaci ba. Fitattun masaƙu suna da wani zaɓi na barin haruffan Unicode a cikin suna, wanda a kashe yake zuwa sai an kunna shi. Da aka kunna, ɓangaren waya ya fito da Ƙari da Ɓari da Ƙauye, kowa da fayil ɗinsa, lissafi ya koma daidai da littafi, aka je aka gaya wa dattijo a gaban kwamiti. Amma ɓangaren uwar garke da harshen Go aka rubuta shi, wata masaƙar ce daban ke fitar da shi, ita kuwa dabarar rage 32 take bi. Ta bar ƙugiya ta wuce, ta kasa ɗaga ta. A Unicode ƙaramin ƙ yana lamba 409 babbansa yana 408, ƙaramin ƴ yana 436 babbansa 435. Su ɓ da ɗ ma ba unguwa ɗaya suke da manyansu ba: ƙananan suna cikin rukunin haruffan ilimin furuci a lamba 595 da 599, manyan suna wani rukuni a 385 da 394. Babu wani lissafi guda da zai kai mutum daga wannan zuwa wancan, dole a duba jadawalin da Unicode ya tanada. Sakamakon shi ne gurbin ƙauye ya zauna da ƙaramin baƙi, Go ya ɗauke shi a matsayin na cikin gida, sashen da ke shirya saƙo zuwa waya ya tsallake shi ba tare da ko gyaran murya ba. Rasit ya riƙa fitowa da sunan mai karɓa da adadin tiya, wurin sunan ƙauye fari fat.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan ciwo ba, ko da yake sanin haka ba ya rage zafinsa. Turkanci, tun sauya rubutunsa a 1928, yana da i biyu, mai ɗigo da marar ɗigo, kowanne da babbansa. Manhajar da ta ɗaga i a kwamfutar da aka saita da Turkanci takan sami İ mai ɗigo, suna ya daina dacewa da kansa. Jamusanci ya daɗe da harafin ß ba shi da babba, sai a 2008 Unicode ya ba shi gurbi, hukumar ƙa'idojin rubutun harshen ta amince da shi a 2017. Rubutun da ba su san babba da ƙarami ba sam, kamar Larabci da Sinanci, a harshen Go ba su da hanyar fitowa fili sai an jingina musu wani babban harafi a gaba, kuma masu harshen da kansu sun ba da shawarar a sa X. Wanda ya so sanya wa aji suna da ajami, ke nan, sai ya ɗaura masa rawanin boko.

Inda 'yan'uwan biyu suka fi daɗewa shi ne kan harafi na huɗu. Ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a bokon Arewacin Nijeriya tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin ofishin talifi a Zariya, amma sautin farkon kalmar 'ya'ya an bar shi da alama a gaban y. Nijar ta bi wata hanyar. Bayan taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 domin daidaita rubutun Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da wasu harsunan yankin, harafin ƴ mai ƙugiya ya sami gindin zama a ƙasashen renon Faransa, kuma ƙudurin ma'aikatar ilimin Nijar mai lamba 212 na watan Oktoban 1999 ya tabbatar da shi a rubutun Hausar ƙasar. An daɗe ana ɗaukar wannan saɓani a matsayin abin da bai wuce bambancin hula ba, tunda mai karatu a Ƙonni da na Illela duk sauti ɗaya suke furtawa.

Matashin, kamar yawancin waɗanda suka koyi rubuta Hausa daga littattafan Kano da Zariya da saƙonnin waya, 'yan kwamiti ya rubuta da alama. Harshen Python yana da umarni biyu na ɗaga baƙi, kuma ƙanwar ta sa ya gwada mata su a gabanta. Na farko yana ɗaga abin da ya fara cin karo da shi a kalma. Ya ci karo da alama, alama ba ta da babba, ya bar 'yan yadda yake. Na biyu yana ɗaga duk harafin da ya biyo bayan abin da ba harafi ba. Ya fitar da 'Yan daidai, ya juya ya mayar da ma'aji Ma'Aji, jama'a ta zama Jama'A. Masaƙar da ta ɗauki alamar a matsayin iyakar kalma kuwa MaAji da SanaA take saƙawa. Wadda ta zubar da ita ta mayar da 'ya'ya Yaya, abin da ya sa ƙanwar ta ce wa ɗan'uwanta ai ga shi injin ya naɗa shi magajin dukan yaran gari.

A nan ne iliminta ya yi aikin da nasa bai yi ba. Ta nuna masa cewa injin yana ƙidaya alamomin da aka buga ne, alhali ƙa'idar rubutu haruffa take ƙidayawa, kuma su biyun ba kullum suke daidaita ba. A Hausa sh da ts da ƙw kowanne harafi ɗaya ne mai alama biyu, sun tsira ne kawai domin alamarsu ta farko tana da babba. Shi 'y harafi ɗaya ne wanda alamarsa ta biyu ce ke ɗaukar girma. Alamar da ke cikin ma'aji kuma wani abu ne daban: hamza ce, baƙi cikakke, wadda ƙa'ida ta ce a rubuta ta a tsakiyar kalma a bar ta a farko. Ɗigon tawada iri ɗaya yana aiki biyu a rubutun, ga kuma aiki na uku da Faransanci ya ɗora masa a suna kamar Birni N'Konni. Babu masaƙar da za ta rarrabe waɗannan sai an gaya mata.

Unicode yana da wata alama ta musamman mai lamba 700, kamanninta ɗaya da waƙafin sama amma an lissafa ta cikin haruffa, kuma ita ce ta dace da hamza da 'y. Da ita, Java da Go da Python duk suna karɓar suna kamar Maʼaji ba tare da sun tsinka shi ba. Amma harafi ce marar babba. Sunan da ya fara da ita a Go a kulle zai zauna ko da Y na bayanta ya kai hasumiya tsawo. ƳanKwamiti kuwa yana wucewa salin alin, domin Ƴ babban baƙi ne da jadawali ya sani. Wato shawarar da wasu malamai suka yanke a kan takarda, shekaru kafin a ƙirƙiri harshen Go, ita ta raba sunan da zai yi aiki da wanda ba zai yi ba. Wannan ba hujja ba ce ta cewa Nijeriya ta yi kuskure, domin lokacin da aka zaɓi 'y, a keken rubutu alama ta fi ƙugiya sauƙin samu. Hujja ce dai ta cewa harafi ɗaya ga sauti ɗaya yana da wata riba da ba a lissafa da ita ba a wancan lokaci, kuma duk taron daidaita rubutu da za a sake yi tsakanin ƙasashen biyu bai kamata ya tashi ba tare da an ɗora wannan a kan tebur ba.

Saura wata 'yar matsala da ba ta shafi ƙugiya ba. Takardar tana ambaton farashin OPVN, hukumar abinci ta Nijar mai sayar da hatsi da rahusa lokacin tsada. Wata masaƙa ta fitar da FarashinOPVN, wata ta fitar da FarashinOpvn. A kwamfutar Linux fayil biyu ne, a Windows da Mac yadda suke zuwa fayil ɗaya ne. Aka zaɓi siffa ɗaya aka rubuta ta a ƙa'ida, aka wuce.

Jarabar da ke kama kowa a irin wannan hali ita ce buɗe fayil ɗin da masaƙa ta fitar a gyara sunan da hannu. Minti biyu ne aikin. Amma ranar da aka ƙara gurbi ɗaya a takardar bayani aka sake kunna masaƙa, sabon saƙi zai shafe gyaran, Ari ya dawo, kuma ba lalle ne wanda ke riƙe da aikin a ranar ya san labarin buhu takwas ba. Shi ya sa irin waɗannan fayiloli kan zo da gargaɗi a layin farko cewa inji ne ya rubuta, kada a taɓa. Gyara mai ɗorewa a sama yake, ko a takardar ko a ƙa'idar da masaƙa ke bi. OpenAPI ya halatta ƙarin gurabe na mai takarda muddin sunansu ya fara da x da karan ɗori, kuma da irin wannan gurbi ana iya faɗa wa masaƙa ƙarara cewa ga sunan da za ta ba wannan aji, kada ta yi hasashe.

Abin da za a rubuta a gurbin ne ya raba su. Shi ya gaji, yana son ya koma haruffan Ingilishi zalla a cikin kod, ya ninka baƙi a maimakon ƙugiya, Kkari da Bbari, ya bar Hausa ta gaskiya ga allon da ma'aji ke gani. Hujjarsa ita ce bai san wace masaƙa ce za ta taɓa takardar nan gaba ba. Ita kuwa ta ce ninka baƙi ya riga ya yi ma'ana a Hausa, balle a Adar inda ake cewa yaz zo da tac ce, kuma duk wanda ya ƙirƙiro wa kansa rubutu na uku domin ya faranta wa inji ya ƙara wa magajinsa darasin da babu shi a kowane littafi. Ta tuna masa cewa dalilin da ya sa ya fara aikin da Hausa shi ne yaron da zai karanta shi gobe.

Maganarta ta fi nauyi, ko da yake tsoronsa ba na banza ba ne. Haruffan nan suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, manyan harsunan shirya manhaja duk suna karɓarsu, abin da ya rage tsofaffin rariyoyi ne da ba a sake dubawa ba domin babu wanda ya zo musu da ƙari da ɓari. Idan kowane Bahaushe mai shirya manhaja ya kauce musu ta hanyar sauke ƙugiya, za su zauna yadda suke. Lamarin kuma ya wuce bankin hatsi guda: a 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma idan hakan ya kai ga rajistar haihuwa da takardun gona da sunayen masu jefa ƙuri'a, to Ɗanladi da Ɗahiru da Ƙasimu za su bi ta cikin masaƙu irin waɗannan.

Suka tsaya a kan wani jadawali mai shafi uku da aka ajiye kusa da takardar bayani. Shafin farko mabuɗi ne na haruffan Ingilishi, domin ƙa'idar OpenAPI ta tilasta shi, kuma an hana mabuɗi biyu su yi kama ko da an sauke musu girma. Na biyu sunan aji ne da cikakkiyar ƙugiya, an rubuta babban baƙinsa da hannu, ba a bar wa inji ya ɗaga ba. Na uku shi ne abin da mutum zai gani a allo. Aka ƙara wani ɗan gwaji da ke gudana duk lokacin da aka kunna masaƙa: ya ƙidaya ajujuwan takarda, ya ƙidaya fayilolin da suka fito, in adadin ya saɓa ya tsayar da aiki. A shafi na biyu Ƴ aka rubuta ko'ina. A na uku an bar zaɓi, ƴ ga wayar da aka saita a Nijar, 'y ga wadda ta tsallaka Illela.

Akwatin bincike ne ya ƙi shiga jadawalin. Madannan wayar sakataren kwamiti na Faransanci ne, babu ƙugiya ko ɗaya a kansu, kuma idan yana neman ƴar wane yar yake bugawa, idan yana neman Ɗanladi ya buga Danladi. Dole aka koya wa akwatin ya ɗauki ƴ da 'y da y abu ɗaya, haka ƙ da k, haka ɗ da d, wato ainihin haɗewar da aka kwana uku ana hana masaƙa yi. Ƙanwar ta yarda da wannan bisa sharaɗi guda, cewa sunan da zai fito a amsa ya fito da ƙugiyarsa.